Baba Kunkuru da Koriyar Ƙofa

Duk ranar da yaranmu suke da ganin likita, Baba Kunkuru yakan isa harabar kamfanin sabulu tun masu gadi suna hamma. Ba ya fara da tayar da mota kamar sauran direbobi. Sai ya buɗe ƙofofin farar bas ɗin gaba ɗaya, ya share ƙasanta, ya bi kujerun da tsumma, sannan ya ja kowace taga ya ga ko tana rufuwa ruf. Yaran da yake ɗauka masu ciwon sikila ne, kuma iska mai sanyi kaɗan ta isa ta kwantar da ɗayansu. Daga nan ya cika jarkar ruwan sha, ya ninke barguna a kujerar baya, ya ɗauko 'yar kujerar katakon da ya haɗa da hannunsa daga fasassun akwatunan kamfani. Matakin bas ɗin ya yi wa yara tsawo, ga gwiwoyi masu ciwo, shi ne ya yi musu abin takawa. Sai ya gama duk wannan yake murza makulli, ya fito titi yana tafiya kamar wanda ya ɗauko tiren ƙwai a ka.

Tafiyar nan ce ta jawo masa suna. Yara ne suka raɗa masa Baba Kunkuru, ya amsa bai ɓata rai ba, sunan ya bi shi har cikin ofis.

Ni uwa ce a cikin iyayen da yake ɗauka. Ɗinki ne sana'ata, kuma da abin bai ishe ni ba, da ban ajiye almakashi na ɗauki biro ba. 'Yata a motar nan ta girma. Kamfanin sabulun ne ya sayi bas ɗin, shi yake zuba mai, shi yake ɗaukar nauyin maganin yaranmu, Allah ya saka musu da alheri, ban zo in yi butulci ba. Amma a watan jiya Baba ya yi ritaya, aka yi masa 'yar walima a ofis, aka ba shi agogon bango. Agogo! Mutumin da ya yi shekaru ana yi masa faɗa a kan lokaci. Sannan aka raba mana sabuwar kalandar kamfani mai hotunan ayyukan taimakon al'umma. Na bi ta shafi-shafi. Ga Manaja yana yanka ƙyalle. Ga Manaja yana miƙa kwalin sabulu. Ga yaranmu an jera su an ce su yi murmushi. Ga bas ɗin ma kanta, an wanke ta tana sheƙi. Baba fa? 'Yata ce ta gano shi a shafin ƙarshe: gwiwar hannunsa ce ta leƙo ta tagar direba. To, tunda kalanda ta kawo muku gwiwar hannu, bari ni in kawo muku sauran mutumin.

Kada wani ya ɗauka waliyyi zan zana. Baba Kunkuru mutum ne mai ƙular da jama'a. Ba ya hon, sam. Idan ya iso ƙofar gida sai ya kashe mota, ya sauko, ya buɗe ƙofa, ya ajiye 'yar kujerarsa, ya yi sallama, ya tsaya. Wai hon yana firgita yaron da ya kwana yana fama. Idan ya hango rami sai ya rage gudun da dama can babu shi, ya lallaɓa ta gefe, masu babur suna wuce mu suna dariya. Akwai ranar da mai tura baro ya wuce mu, da idona na gani. Mu kuwa hankalinmu yana can asibiti, inda layi ba ya jiran kowa. Wadda ta makara sai yamma za ta ga likita, yaro da yunwa, uwa da ciwon kai.

Kaka, wata tsohuwa da take kawo jikanta, ita ce ba ta iya haɗiye magana.

"Kai Direba, don girman Allah taka motar nan! Ko so kake mu isa an tashi?"

"Za mu isa, Kaka."

"Ai na san za mu isa. Da ƙafa ma ana isa!"

"Mijin naki ya samu barci. Bar shi ya yi."

Sai ta duba ta ga jikan ya lafe a jikinta, ta ja tsaki ta ƙyale shi. Haka yake gamawa da mu kullum, da magana biyu, ya bar mu muna ƙuna.

A cikin yaran akwai wani ɗan ƙarami mai surutu kamar rediyo, wanda ya mallake kujerar gaba. Shi yake sanar da kowane gida kafin mu isa, shi yake ba da oda: "Saura Kaka! A matsa a ba Kaka wuri!" Muka sa masa Kwandasta. Gidansu yana ƙarshen wani lungu mai ramuka, gida mai koriyar ƙofa ta ƙarfe, kuma shiga lungun da fitowa kaɗai ya isa mutum ya karya kumallo ya wanke hannu. Bara ciwon ya taso masa a ƙirji. Aka kwantar da shi, aka yi ƙarin jini, aka yi duk abin da ake yi. Bai tashi ba. Allah ya jiƙansa. Har yau idan muka sha wata kwana sai in ji kamar zai yi magana.

Muka je ta'aziyya, muka yi kuka, muka dawo. Ofis ya cire gidan daga hanyar mota kamar yadda aka saba. Ranar asibiti ta gaba muna zaune, sai muka ga Baba ya karya kan mota ya shiga lungun. Muka ɗauka mantuwa ce. Ya tsaya a koriyar ƙofa, ya kashe mota, ya buɗe ƙofar gaba, ya ajiye kujerar katako, ya yi sallama. Maman Kwandasta ta amsa daga ciki. Ya gaishe ta, ya ɗan tsaya, ya ɗauki kujerarsa ya dawo. Zuwa na gaba ma haka, na gabansa ma haka. Kujerar gaba kuma ya hana kowa zama.

Da farko tausayi ne ya rufe mana baki. Da tafiya ta yi nisa tausayin ya fara ƙarewa, layin asibiti kuwa bai ƙare ba. Ni ce na tare shi a bakin asibiti bayan yara sun sauka.

"Baba, wai me muke zuwa yi a lungun nan? Yaron nan ya riga mu gidan gaskiya. Kana fama wa baiwar Allah ciwo, mu kuma kana sa mu makara."

Ya daɗe yana goge madubi kafin ya amsa.

"Kin ga ƙanwarsa?"

"Wace ƙanwa? 'Yar da ake goyo?"

"Ta fara tafiya. Rannan ta leƙo ƙofa. Yatsunta sun kumbura, hannu da ƙafa. Idonta ma na gani."

Duk uwar da ta reni mai sikila ta san kumburin nan, ta kuma san cewa yaron da ba a fara dubawa da wuri ba, zazzaɓi ɗaya yana iya tafiya da shi.

"Ka gaya wa uwarta?"

"Ta fi ni sani."

"To me take jira?"

"Ta kai ɗaya a motar nan," in ji shi. "Ba a dawo mata da shi ba."

Mu mata ba mu iya irin haƙurinsa ba. Ni da Kaka muka shirya muka je gidan. Muka tarar da yarinyar a kan tabarma tana kuka ƙasa-ƙasa, ta ƙi yarda a taɓa mata hannu. Na so in bi a hankali, amma ina! Kaka ta riga ni.

"Ke yarinya, so kike ki binne biyu?"

Maman Kwandasta ta miƙe ta ɗauki 'yarta. "Kaka, na gode da zuwa. Wancan na bi duk abin da aka ce, ban taɓa fashi ba, ku ne shaida. Wannan a bar min ita a gida. Ko me zai faru, ya faru tana jikina, ba a kan gadon ƙarfe ana ce min in jira a waje ba."

Ta raka mu har ƙofa, muka ji an tura sakata. Mijinta aikin nesa yake yi, da aka kira shi a waya ya ce shi ba zai tilasta mata ba. Daga ranar ta daina ɗaga wayarmu. Sallamar Baba kaɗai take amsawa, ita ma daga bayan ƙofa.

Kun san abin da ya fi ba ni haushi? Ko sau ɗaya bai taɓa ce mata ta kawo yarinyar ba. Ko sau ɗaya! Muna cikin mota mun kasa kunne, muna cewa yau dai zai faɗa. "Ina kwana? Ya gida? Ya 'yar tawa? To, Allah ya ba da lafiya. Mun wuce." Shi ke nan. Ƙofar mota a buɗe, kujera a ƙasa, ya tsaya kamar mai jiran canji, ya tattara ya dawo. Na ce masa, "Baba, bakinka ciwo yake yi ne? Ka yi mata magana mana!" Ya ce, "Ai kun yi mata." Na bi ƙeyarsa da harara har asibiti.

Baba, kai ne mafi taurin kai a duk waɗanda na taɓa shiga motarsu. Kai ne ka sa na yi watanni ina ganin likita da yamma, ɗinkin mutane yana jirana, masu kaya suna yi min zarya. Har gobe ba zan ce makarar nan ta yi min daɗi ba. Amma mu da muka je da baki, sakata muka samu. Kai da ka je da 'yar kujera, ana amsa maka sallama.

Magana ta kai ofis. Akwai na'ura a jikin bas ɗin da take nuna duk inda ta bi, kuma wata a cikinmu ta kai ƙara. Ba zan tona ta ba, amma tana da jika. Jami'ar ofishin tallafin al'umma, wadda yara suke kira Anti Hoto don ba ta zuwa sai da mai kyamara, ta same shi a bakin asibiti. Yarinya ce mai kirki, ba na ɗora mata laifi, aikinta take yi.

"Baba, gidan nan ba ya cikin hanyarka. Iyaye suna kuka da makara, ni kuma ana tambayata a sama."

"Haka ne, ranki ya daɗe."

"To za ka daina?"

"Akwai yarinya a gidan."

"Ba a yi mata rajista ba. Idan uwar ta kawo ta, wallahi da hannuna zan sa ta. Amma ba zan iya aika mota wurin wanda bai nema ba."

"Haka ne."

"Baba, za ka daina ko ba za ka daina ba?"

"Haka ne dai, ranki ya daɗe."

Ta dafe kai ta koma motarta. Abin da ya yi shi ne ya riƙa fitowa da sassafe fiye da da, ya rage mana makarar, ya ci gaba da shiga lungunsa. Anti Hoto ta kawar da kai, don ta san saura ƙiris ya yi ritaya, sabon direba kuma hanyar da aka zana masa zai bi. Mu ma mun san haka. Idan Baba ya tafi yarinyar ba ta fito ba, babu motar da za ta sake tsayawa a ƙofar nan.

Ranarsa ta ƙarshe ta zo. Muka shiga lungu, ya yi abin da ya saba. Ya ce, "Ya 'yar tawa?" Aka ce da sauƙi, mu kuwa muna jin kukanta daga ciki. Na ce a raina yau kam zai gaya mata ya gama aiki, ko don ta san damar ƙarshe ce. Ya tsaya fiye da yadda yake tsayawa. Sannan ya ce, "To, mun wuce," ya sunkuya ya ɗauki kujerarsa. Ƙofa ba ta buɗe ba.

Ban yi masa magana ba ranar. Na ji haushinsa, na ji haushinta, na ji haushin koriyar ƙofar ma kanta. Da ya zo sauke ni da yamma, ya tura 'yar kujerar ƙarƙashin kujerar gaba ya ce, "Ki nuna wa sabon direba inda take." Ya yi mana sallama kamar wanda gobe ma zai zo.

Sabon direban saurayi ne mai tsabta, mai hon, mai gudu. Bai fito da sassafe irin na Baba ba, lokacin ofis ya bi, amma ƙafarsa ta rama masa. Ya kwashe mu kafin mu gama gaisawa, muka ga yau kam mu ne a gaban layi. Abin da muka yi shekaru muna roƙo ke nan. Muka zo bakin lungun, ya wuce fuu. Muka hau babban titi. Sai Kaka ta daki bayan kujerarsa da tafin hannu.

"Kai yaro, ka wuce wuri."

"Babu kowa a can, Kaka. Hanyar da aka ba ni nake bi."

"Na ce ka wuce wuri! Juya."

"Za ku makara fa. Kuma ni za a yi wa faɗa."

"Makara mun saba. Faɗan kuma ka ce a zo wurina, na san hanyar ofishin."

Muka sa baki gaba ɗaya, yara ma suka ɗauka, "Juya! Juya!" Ya juya yana gunaguni, muka faɗa cikin cunkoso, muka yi ta rarrafe. Kafin mu shiga lungun rana ta ɗaga, lokacin da Baba ya saba zuwa ya wuce da nisa. Tun daga nesa 'yata ta damƙe min hannu. Koriyar ƙofa a buɗe take. Maman Kwandasta tana tsaye a waje, yarinya a goye, 'yar jaka a hannu, tana kallon bakin lungu.

Sabon direba ya kai hannu zai danna hon, Kaka ta buge hannun. Na sauka, na buɗe ƙofar gaba, na jawo kujerar katako na ajiye. Maman Kwandasta ta dube ni, ta dubi wurin direba.

"Ina Baba?"

"Ya yi ritaya. Bai gaya miki ba, ko?"

Ta girgiza kai. "Jakar nan ta daɗe a bayan ƙofa. Duk ranar da ya yi sallama sai in ɗauke ta, in kasa zare sakata, in ce sai zuwa na gaba. Yau na tashi ina jira, na ji shiru. Na yi shara, na ji shiru. Sai na ce shi ke nan, sun gaji da ni." Ta gyara goyon. "Sai na ga idan jikinta ya tashi yau, babu mai zuwa."

Ta taka kujerar ta hau gaba, ta kwanto yarinyar ta ɗora a cinya. Kaka ta miƙa mata bargo ba ta ce uffan ba, abin da ban taɓa gani ba tun da na san ta. Ranar mu ne na ƙarshe a layi, kuma babu wadda ta ja tsaki.

An gwada yarinyar, ciwon ne. An ɗora ta a kan magani, Anti Hoto ta cika alkawari ta mayar da gidan cikin hanya, ta kuma zo duba ta ba tare da mai kyamara ba. Ba a gamawa da sikila a zuwa ɗaya, mu muka san wannan. Amma kumburin ya sauka, yanzu tana kama yatsan mutum ta riƙe gam.

Ranar da Maman Kwandasta ta fito, ban tsaya cire mayafi ba na wuce gidan Baba in kai masa albishir. Na same shi a ƙofar gida yana gyara keken jikansa. Na zayyana masa komai ina haki, ina jiran ya yi kabbara ko ya yi hawaye.

"Kun sa mata kujerar?"

"Mun sa."

"Yaron bai yi hon ba dai?"

"Kaka ta hana."

"To madalla."

Ya koma kan kekensa. Sai dai na lura noti ɗaya yake ta ɗaurewa yana kwancewa. Na ce masa zan rubuta labarinsa kowa ya karanta. Ya ce in rubuta kamfani, su suka sayi mota. Wallahi mutumin nan zai kashe ni da haushi.

To na rubuta kamfani, Baba, ga shi can a sama, na kuma gode musu. Saura kai. Kai ne mai tsayawa inda kowa ya daina tsayawa. Kai ne ka sha tsakinmu da hararmu da faɗan ofis, ba ka rama ba, ba ka kuma fasa ba. Mun gode, mu iyayen da muka yi ta yi maka mita. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka, agogon bangon ya yi ta gudunsa kai kana tafiyarka a hankali.

Ku kuma kamfanoni, ku ci gaba da sayen motoci da magani, muna buƙata. Amma ku riƙa duba wanda yake riƙe da sitiyari, kuma idan za ku ɗauki hoto ku ɗan ja da baya, a ga mutum gaba ɗayansa. Sauranmu kuwa, kowa ya san wata ƙofa a unguwarsu da aka rufe bayan rashi, muka je sau ɗaya muka ce mun fita haƙƙi. A koma, jama'a. Ba sai an je da dogon bayani ba. A yi sallama, a ɗan tsaya, gobe a sake dawowa.

Ranar asibitin da ta wuce, muna dawowa, mun kusa gidan su Kaka, sai yarinyar ta miƙe a cinyar uwarta ta nuna ƙofar da yatsa, yatsan nan da a da ba ya taɓuwa, ta ce, "Kaka!" Sabon direba ya taka birki a hankali. Kaka ta ce, "Iye, an samu sabon kwandasta!" Uwar ta yi dariya, ta rufe fuska da mayafi, muka bar ta ta yi kukanta.

Ka ji, Baba? Kujerar da ka hana mu zama ta samu mai ita.